Amsa: Ɗinki fasaha ne ko neman abinci kawai?

Yaya Hajiya, kin tambaya ko ɗinki ya kai a kira shi fasaha. Mu da muke zaune a Makka amsar tana gabanmu kullum: Kiswa, rigar Ka'aba. A masaƙar unguwar Ummul Jud da ke nan Makka ake yin ta, da siliki kusan kilo 670. Inji ne ke saƙa ƙyallen, amma ayoyin nan da hannu ake ɗinka su, da zaren azurfa da wanda aka shafe da zinare, a cusa auduga a ƙasa don rubutun ya taso. Watanni ake yi ana wannan aikin.

Ni dai in na gan su, kakana nake tunawa, yana zaune a zaure yana fitar da aska takwas a wuyan babbar riga.