Tambaya da Amsa: Me Ɓera Ya Koya Mana Game da Ciwon Fragile X?

Tambaya: Malam, ƙanena yana da ciwon gado da likitoci ke kira Fragile X. Ba ya iya haɗa ido da mutane, kuma taro yana firgita shi. Na ji ana binciken ciwon a jikin ɓeraye, to me aka gano?

Amsa: Malama, tushen ciwon wata ƙwayar gado ce mai suna FMR1, wadda aka gano a 1991. Idan ta daina aiki, sai a rasa sinadarin da ke taka birki ga furotin da ake ƙerawa a mahaɗar jijiyoyin ƙwaƙwalwa. A 1994 masana daga Holan da Beljiyam suka samar da ɓerayen da aka kashe musu wannan ƙwaya, kuma da aka duba ƙwaƙwalwarsu da madubin ƙara girma, sai aka ga 'yan tsiro masu kama da ƙaya da ke karɓar saƙo a jikin jijiyoyin ƙwaƙwalwar sun yi tsawo da siranta, kamar ba su gama ƙosawa ba. Ƙara mai ƙarfi ma kan jefa su cikin farfaɗiya, abin da a ganina ke haska dalilin da hayaniyar taro ke yi wa ƙanenki nauyi. Sai dai magungunan da suka gyara ɓerayen ba su yi tasirin da aka zata ba sa'ad da aka gwada su a kan mutane.