Injiniyan da ya sa mai ya ja kunamar bindiga

Ɗana, ka tambaye ni yadda tsofaffin jiragen yaƙi suke harbi ta tsakiyar farfela ba tare da harsashi ya farfasa ta ba. Ajiye sifanar nan ka zauna, domin amsar tana cikin aikin da ke hannunka.

A 1915, lokacin Yaƙin Duniya na Ɗaya, wani matuƙi Bafaranshe, Roland Garros, ya sa aka ɗaura wa farfelarsa ƙarfe don harsashin da ya same ta ya goce. Dabara ce ta ƙarfin hali. Kamfanin Fokker a Jamus ya yi abin da ya fi: kam, wato ƙarfe mai ƙusumbi, yana juyawa tare da inji, yana tura sandar ƙarfe, ita kuma ta saki kunama daidai lokacin da fiffiken farfela ya kauce daga bakin bindiga. Taimin ke nan. Amma ka san halin ƙarfe, ya yi zafi ya miƙe, ya ci ya saki. Kuskure kaɗan, matuƙi ya harbe farfelarsa da kansa yana sama. Ga shi kowane irin inji sai an ƙera masa nasa sandunan.

Wanda nake so ka riƙe sunansa shi ne George Constantinescu, ɗan ƙasar Romaniya, an haife shi a garin Craiova a 1881. Asalinsa ma ba mutumin jirgi ba ne, injiniyan gada da kankare ne. Shi ya yi aikin kankaren babban masallacin birnin Constanța kafin ya koma Landan da zama. Can ya duƙufa kan tambaya ɗaya: idan ka bugi ruwan da ke cike da bututu, yaya bugun yake tafiya zuwa ɗaya bakin?

Da wannan ilimi ya cire sanda ya sa bututu, ya cika shi da kananzir haɗe da ɗan man inji. Kam ya bugi ƙaramin fistin, bugun ya ratsa man cikin ƙiftawar ido, ya tura wani fistin a jikin bindiga. Man ba gudu yake yi ba, bugun ne ke tafiya. Kuma bututu yana lanƙwasuwa ya bi duk inda kake so, don haka na'ura ɗaya ta dace da jirage iri-iri. Wannan ne ya fi burge ni a aikinsa. Sojan saman Ingila sun fara yaƙi da ita a watan Maris na 1917 a jirgin DH.4, suka ci gaba da amfani da ita har zuwa jirgin Gladiator na wajen 1937.

Babban abokin gabarta iska ce. Mai da ƙyar yake matsuwa, iska kuwa tana matsuwa sosai, sai ta shanye bugun, bindiga ta ƙi tashi ko ta saɓa lokaci. Abin da ke sa fedar birki ta yi laushi ke nan, shi ya sa ba na yarda mota ta bar garejin nan sai an cire iskar tas. Bakaniken jiragen nan rai ne a hannunsa, kai ma haka.

Bayan yaƙi ya juya kan mota. Ya ƙera wadda ba ta buƙatar kuloci ko canjin giya, ya nuna ta a Faris a 1926, amma kaɗan aka sayar. Ya rasu a Coniston ta arewacin Ingila a watan Disamba na 1965, yana da shekara 84.