Ɓerayen ba su mutu ba, to an duba ƙodarsu?

'Yar'uwa, kin ce Hajiya na shan wani jiƙo na hawan jini, mai maganin kuma ya ce ku kwantar da hankali, an gwada shi a kan ɓeraye ko ɗaya bai mutu ba. Kina tambaya ko hakan ya isa. Na daɗe ina aiki a ɗakin gwajin magunguna na wata jami'a, kuma gaskiya bai isa ba.

Yawanci gwajin da suke nufi shi ne na wani masani mai suna Lorke, wanda ya fito a 1983. Ana raba ɓeraye tara gida uku, a ba su miligiram 10, 100 da 1,000 a kan kowane kilo na nauyinsu. In sun kwana lafiya, a ɗauko wasu a kai su har 5,000. Sau ɗaya tak ake ɗura musu, sai a zauna a ga ko za su mutu. Abin da ya nuna kawai shi ne maganin ba ya kisa nan take. Hajiya kuwa safe da yamma take sha, wata da watanni.

Wanda ya shafe ta shi ne na kwana 28 ko na kwana 90. Kullum a ɗura wa ɓera da siririn bututu ta baki, a riƙa auna nauyinsa, a ƙarshe a ɗebi jini a duba lafiyar hanta da ƙoda, a yanko naman a sa a madubin likita. A nan asiri yake tonuwa. Na sha ganin ɓera yana cin abinci, yana zagaye keji, gashinsa luf-luf, amma ana buɗe shi sai ka ga hantar ta koɗe, ta kumbura. Ƙoda kuma ba ta kuka da wuri, sai ta lalace sosai kafin mutum ya ji a jikinsa.

A farkon shekarun 1990 a Beljiyam, mata fiye da 100 ƙodarsu ta lalace saboda maganin rage ƙiba da aka sa wa wani tsiro daga Sin. Wasu sun koma wankin ƙoda, wasu daga baya kansa ta kama su a hanyar fitsari. Dangin tsiron nan muna da shi, shi ne dumar dutse, wasu su ce maɗacin ƙasa.

Ba raina maganin gargajiya nake yi ba. Maganin Niprisan na masu sikila daga masoro, kanumfari, karan dafi da wani itace hukumar binciken magunguna ta NIPRD da ke Abuja ta haɗa shi, amma sai da ya bi matakai har gwaji a kan mutane.

Ki duba kwalbar. In lambar NAFDAC ta ƙare da harafin L, an amince da shi ne ta fuskar rashin illa kawai, ba a tabbatar yana warkarwa ba. Ki tambayi mai maganin: gwajin na kwana nawa ne, a ina aka yi, kuma wannan haɗin ne aka gwada ko an ƙara kanwa da wasu saiwoyi daga baya? Don Allah kada Hajiya ta ajiye maganin asibiti. Ku tafi da kwalbar wurin likitanta, a yi mata gwajin jini na ƙoda da hanta cikin makon nan. Allah ya ba ta lafiya.