Tambaya da Amsa: Majigi a Dandali kan Rayuwar Matasa Makafi

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Ni malamin firamare ne a wani ƙauye a ƙasar Gumel. Ƙungiyar matasanmu ta samo fim na minti 40 a kan samari da 'yan mata makafi masu karatu, muna so mu haska shi a dandali. Me za mu tanada, kuma me ke ɓata irin wannan taro?

AMSA: Wa alaikumus salam, Malam. Allah ya saka muku da alheri. Kafin a taɓa na'ura, sai an yi sallama da manya: mai unguwa, dagaci da liman. In akwai Sarkin Makafi a yankin, ku je masa da ƙafarku, domin shi ya san gidajen da yaran suke, kuma maganarsa ce za ta sa iyaye su bar su su fito. Ku nemi izinin mai fim ɗin a rubuce. Masu karatunmu na ɓangaren Kano kuma su tuntuɓi Hukumar Tace Fina-finai ta jihar tun da wuri.

Lokacin da ya fi dacewa shi ne bayan an kawar da amfanin gona, bayan sallar Isha'i, a daren da babu farin wata, don hasken wata yana kashe hoto. Ku nemi majigi mai ƙarfin haske kamar lumen 3,000. Farin yadi mai kauri, faɗin mita 3, tsayi kusan mita 2, ya isa allo. A ɗaure kusurwoyinsa huɗu tamau a jikin katangar makaranta. In aka rataye shi tsakanin bishiyoyi, iskar hunturu za ta riƙa kaɗa shi. Majigin zai zauna kimanin mita 4 zuwa 5 daga yadin, a kan tebur, ba a ƙasa ba, saboda ƙura na toshe matatar iskarsa, ya yi zafi ya kashe kansa a tsakiyar kallo. In an gama, a bar fankarsa ta tsaya da kanta kafin a cire wuta, in ba haka ba ƙwan zai mutu da wuri.

Amma abin da muke so ku fi ba ƙarfi shi ne sauti. Manyan baƙinku da kunne za su yi kallo, to hoto mai kyau da murya mai ƙugi asara ce a wurinsu. A ɗora lasifika biyu sama da kan mutane, dama da hagu na allo. Janareta a kai shi nesa, mita 25 ko fiye, bayan gini, ta inda iska ba za ta kwaso ƙara da hayaƙi ba. In da hali, babban batirin sola mai lamba 200Ah da imbata (na'urar da ke mayar da wutar batir irin ta gida) ya fi: majigi da lasifika suna jan kusan wat 450, cikakken batir mai lafiya zai riƙe su kamar awa biyu, kuma ba ƙugin inji ko kaɗan. Wayoyin da suka ratsa fili a binne su cikin ƙasa ko a rufe da tabarma, don sandar makaho ba kullum take gano siririyar waya ba.

A ware wa mata gefensu da hanyar shigarsu. Matan da ba sa fita da dare a sake haska musu da rana a cikin aji, a toshe tagogi da barguna.

TAMBAYA: Ina da ƙanwa 'yar shekara 15 da ta rasa ganinta bayan ƙyanda. Ta yaya za ta amfana da fim alhali ba ta gani? Daga wata 'yar'uwa a Bichi.

AMSA: 'Yar'uwa, za ta amfana sosai in an sa mai bayanin hoto. Mutum ne da ke riƙe da makirfo yana faɗin abin da ido ke gani, amma sai a wuraren da 'yan fim suka yi shiru. Dole ya kalli fim ɗin aƙalla sau uku tukuna, ya rubuta inda zai sa baki. Gajerun jimloli ake so: "Yarinyar ta shafa takarda da yatsu biyu, malama na tsaye a bayanta." Kada ya ce "abin tausayi", kada ya faɗi abin da zai faru gaba, kada ya hau kan muryar 'yan fim. In fim ɗin ba da Hausa yake ba, rubutun ƙasan allo ba zai yi mata komai ba, haka ma dattawan da ba su yi boko ba. Sai a ƙara mai fassara, muryarsa daban da ta mai bayani, misali mace da namiji, don kunne ya rarrabe.

Ki zaunar da ita gaba, tsakanin lasifikan. Wajen tafiya kada ki ja ta da sanda ko mayafi. Ita za ta riƙe gwiwar hannunki, kina gabanta da rabin taku, kina faɗa mata in an zo rami ko tudu. In an samo allon rubutun makafi da tsinkensa, a ba ta ta taɓa. Rubutun, wanda Bafaranshe Louis Braille ya ƙirƙiro, ɗigo shida ne kawai ake jujjuyawa. Ku kuma bincika makarantar masu buƙata ta musamman da ke Tudun Maliki a Kano, sannan a kai ta asibitin ido likita ya duba, ko akwai sauran gani da za a iya ceta.

TAMBAYA: Ya dace a zagaya da faifai a tara wa yaran taimako bayan kallo? Daga wani sakataren ƙungiya a Ringim.

AMSA: A'a, Malam, kada a yi a wannan daren. An tara jama'a ne su ga makaho yana karatu da sana'a. In aka ƙare da faifai, an mayar da shi gurbin bara da ake son fitar da shi. Gara liman ya buɗe taro da tarihin Abdullahi ɗan Ummu Maktum, makahon ladanin Manzon Allah (SAW), wanda farkon Suratu Abasa ya sauka a kansa. Bayan fim a miƙa makirfo ga matasan makafi da suka yarda su yi magana da bakinsu, ba wanda za a tilasta. Ɗaya ya nuna yadda manhajar TalkBack ke karanta masa saƙo da murya a wayar Android. A sanar da iyaye cewa JAMB na shirya wa makafi jarrabawarsu ta musamman, kuma dokar hana nuna wa naƙasassu wariya ta samu sa hannun shugaban ƙasa a Janairun 2019. In ana son tallafi, kwamiti ya zauna washegari, ya rubuta sunayen yaran da ba sa zuwa makaranta, da kuɗin mota da kayan rubutun da kowannensu ke buƙata.