Manomin Kuroshiya da ya yi suna da zane a bayan gilashi

Tambaya: Assalamu alaikum. Na ci karo da hoton wani zane a intanet, an gicciye zakara a tsakiyar gona, kuma an ce wani manomi ne ɗan ƙasar Kuroshiya mai suna Ivan Generalić ya zana shi. Shin gaskiya ne bai taɓa koyon zane a wurin kowa ba? Daga wata malamar makaranta a Maraɗi.

Amsa: Wa'alaikumus salam, Malama. Maganar da kika ji rabinta gaskiya ce. Generalić bai shiga makarantar koyon zane ba, amma ya samu malami.

An haife shi a shekarar 1914 a ƙauyen Hlebine, kusa da iyakar Kuroshiya da Hangari, inda ya tashi yana noma da kiwo, yana kuma zana abin da idonsa ya gani. Wajen shekarar 1930 ne wani ƙwararren mai zane, Krsto Hegedušić, ya ga aikinsa, ya ja shi a jiki tare da wani matashi, Franjo Mraz, ya hore su da su riƙa zana rayuwar ƙauyensu yadda take. A 1931 aka baje zanensa a Zagreb, babban birnin Kuroshiya, tare da na ƙungiyar masu zane ta Zemlja, wato Ƙasa, wadda hukuma ta haramta a 1935. Zanensa na wancan lokaci kukan talaka ne, domin har akwai wanda ya nuna yadda jami'ai ke ƙwace dabbar manomi.

Abin da ya fi ba ni sha'awa shi ne yadda ake aikin. A bayan gilashi ake shafa fentin, mai kallo kuwa ta gaba yake gani, saboda haka komai a juye ake yin sa: mai zane zai fara da ƙwayar idon zakara da zanen gashinsa ɗaya bayan ɗaya, sannan jikinsa, sai a ƙarshe ya rufe da gona da sararin sama. Abin da aka fara shafawa ya binnu ke nan a ƙarƙashin sauran, gyara sai da kankarewa, kuma hatta sa hannu a juye ake rubuta shi.

Bayan Yaƙin Duniya na Biyu salonsa ya sauya, ya karkata ga almara da tunanin mutuwa. Baje kolin da ya yi a Paris a 1953 ya fito da sunansa waje, sannan a 1959 ya zana mutuwar abokin aikinsa Mirko Virius, wanda ya rasu a sansanin tsare mutane na Zemun a lokacin yaƙin. A ganina a nan ne hannunsa ya nuna sosai, kuma zakaran da kika gani daga wannan zangon ya fito. Generalić ya rasu a garin Koprivnica a 1992, ɗansa Josip ma sana'ar ya gada.