Amsa ga ɗan'uwan da hular bakin bindigarsa ta ƙi kuncewa

Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Na karanta tambayarka. Ka ce kana da AR-15 mai cin harsashi 5.56, kana son cire hular bakin da ta zo da ita daga kamfani, wato ƙarfen da ke ɗaure a bakin bututu don rage walƙiyar harbi, irin ta A2, ka ɗaura birkin baki don rage naushin baya. Ka matse bindigar tsakanin gwiwoyinka, ka sa sifana, ka murɗa iya ƙarfinka, ko gezau, yanzu kana tambaya ko ka zura wa sifanar bututun ƙarfe don hannunta ya yi tsawo. Don Allah kada ka yi. Na daɗe ina wannan aikin a kan bindigogina da na abokan harbi, kuma kusan duk ɓarnar da na taɓa gani daga nan ta faro: abu ya ƙi juyawa, mai shi ya ƙara ƙarfi bai tsaya ya tambayi abin da ya riƙe shi ba.

Kafin komai, zare magazin, ka ja bolt baya, wato ƙarfen da ke tura harsashi ya kulle shi, ka leƙa ɗakin harsashi da idonka, ka sa yatsa ka taɓa, ka fitar da harsasai daga ɗakin da kake aiki. Sannan ka raba saman bindigar da ƙasanta, ka cire bolt ɗin. Hannunka da fuskarka za su yini a bakin bututu, ba wurin ganganci ba ne.

Yanzu juya bindigar ka duba ƙarƙashin hular da haske mai kyau. In ka ga wani ɗan tabo zagayayye, kamar an cike rami an goge, wani lokaci launinsa ya ɗan saɓa da sauran, to an kafa mata fil an yi walda. Wannan ba ta sifana ba ce. A Amurka ana yawan yin haka ga bututu mai inci 14.5, domin dokar tarayya ta 1934, kamar yadda aka gyara ta daga baya, ta sa irin wannan bindiga mai bututu ƙasa da inci 16 a wani rukuni na daban mai buƙatar rajista, sai a haɗa hular da bututun har abada tsawon ya cika. Ka ga matsala biyu ke nan: in ka murɗa da ƙarfi, fil ɗin zai yage tiredin bututun, wato zaren da hular ke murɗuwa a kai, in kuma ka yi nasarar cirewa, kana iya faɗawa hannun hukuma. Irin wannan ta mai gyaran bindiga ce mai lasisi. Ko a wace ƙasa kake ma, ka san abin da dokarku ta ce a kan na'urar da za ka ɗaura.

In babu walda, saura gam ko dauɗar hayaƙi. A nan mutane ke rikicewa, domin gam iri biyu ne kuma maganinsu ya sha bamban. Jan Loctite zafi ke sake shi, wajen digiri 260 a ma'aunin Salsiyos, don haka ana hura masa iska mai zafi a kan hular kaɗai, a kunce tun da ɗuminsa. Rocksett kuwa an yi shi ne don ya jure zafi, ko ka gasa shi har launin bututun ya ɓaci ba zai saki ba. Ruwa ne maganinsa. Ka tsoma bakin bututun a tafasasshen ruwa ya jiƙa sosai, sannan ka gwada, bayan nan ka busar ka shafa mai kada tsatsa ta kama. In ba ka san wanne aka sa ba, fara da ruwan, shi ne ba ya ɓata komai. In dauɗa ce kawai, man da ke ratsa tsatsa irin Kroil, a bar shi ya kwana, yakan wadatar. Ga masu AK da ke karantawa: tiredin AKM na M14x1 na hagu ne, kuma akwai ɗan fil mai sifirin da sai an danna shi. Wanda ya murɗa ta yadda ya saba, ƙara ɗaurewa yake yi.

Amma abin da ya fi damuna a bayaninka shi ne riƙon. Ƙarfin da ka sa a sifana ba ya ɓacewa, sai ya bi bututun ya sauka a duk inda aka riƙe. A AR-15 akwai wani ɗan ƙaramin fil a gindin bututu da ke zaune cikin tsaga a jikin saman bindigar, wanda na alminiyom ne. In ka riƙe jikin, ko da gwiwa ko da irin katakon roba da ke rungume shi a bayis, wato na'urar matse abu a kan teburin aiki, duk murɗin nan a kan wannan ɗan fil ɗin yake ƙarewa. Na ga wadda aka yi wa haka: tsagar ta buɗe, bututun ya ɗan juya, saitin gaba ya karkata gefe, bututun gas, wato siririn bututun da ke mai da iskar harbi baya, ya daina shiga daidai. Mai ita ya canza hula ya samu bindiga mai cijewa.

Bututun kansa za ka riƙe, kusa da baki gwargwadon iko. Akwai tubalan alminiyom ko na katako masu kwarmi da ake sa shi a ciki a matse a bayis. In babu, katako mai tauri guda biyu da aka huda a tsakiya aka raba ya isa, ka naɗa fata ko takarda kada ya zame ya karce. Sau da yawa sai ka cire marikin hannu kafin ka samu wuri. Kada bayis ya hau kan gidan gas ko bututunsa, kada kuma ka mai da saitin gaba abin dogara. Sandar nan da ake zurawa ta baya ta kama haƙoran gindin bututu, irin Reaction Rod na Geissele, ita ma tana kare jikin, kuma ina amfani da ita wajen ɗaurewa. Ga hular da ta kafe dai, na fi natsuwa da riƙe bututu. Sifana kuma ta zama daidai wuyan hular, na A2 inci 3/4 ne. Sifana mai daidaitawa da filaya su ke cinye kusurwa. Manna tef a gefen bakin bututun, domin in sifana ta kuɓuce ta daki leɓen da harsashi ke fita, daidaiton harbinka ya tafi, sai an sake yanka shi.

Da ta fito, goge tiredin da burushi da abin cire maiƙo har ya yi fes. Tiredin 5.56 yawanci 1/2x28 ne, wato kaurin rabin inci da zare 28 a kowane inci, na .308 kuma 5/8x24. Sai dai shigar tiredi ba ita ce shaida ba. Bututun 9mm da yawa su ma 1/2x28 ne, ka ga hular 5.56 za ta hau lafiya lau, alhali raminta ya yi wa harsashin kaɗan. Karanta abin da aka rubuta a jikin na'urar. Fara murɗawa da yatsu kawai. In ta cije tun zagaye na farko ko na biyu, koma baya, ta hau a karkace ne.

Washar da ke lotsewa, wato zoben da ke tsakanin hula da kafaɗar bututu, sau ɗaya ake amfani da ita, tsohuwar ta gama aikinta, sa sabuwa. Ƙaramin gefenta na kallon kafaɗar bututu, mai faɗin na kallon hula. Ga A2 littafin sojan Amurka ya ba da fam-ƙafa 15 zuwa 20, kusan Nm 20 zuwa 27. Ga birkinka, bi takardar kamfanin da ya ƙera shi, da sifana mai auna ƙarfi. Ɗaurin da ya wuce kima yana iya matse ramin bututun a daidai baki, inda ƙarfen ya fi siranta. Matsa a hankali har ramukan gefe su kwanta daidai dama da hagu, na sama su kalli sama. In ka zarce, kada ka sassauta baya don ka daidaita, washar ta riga ta lotse, harbi kaɗan za ta kwance. Ɗauko wata. Shi ya sa nake sayen uku ko huɗu a lokaci guda. In birkin irin wanda ake ɗora na'urar rage ƙara a kansa ne, manta da washar lotsewa gaba ɗaya, ba ta zama a miƙe. Siraran washa masu kauri daban-daban ake jerawa har a samu daidai.

Ka gama, leƙa ta baya ka fuskanci haske. Ramin hular ya zama da'ira a tsakiyar da'ira, babu gefen da ya fi kusa. In ka ga jinjirin wata a gefe guda, kada ka harba, kai wa gwani ya sa sandar awo. A filin harbi kuma sake saita bindigar, domin sabon nauyi a baki yakan matsar da inda harsashi ke sauka, sannan bayan 'yan harbe-harbe, in ta huce kuma ka tabbatar babu harsashi a ciki, taɓa hular ka ji ko ta motsa. Ka ninka abin toshe kunne, birki yana watsa ƙara gefe, na kusa da kai ma ka gaya musu. Turo mana hoton ƙarƙashin hular tukuna, mu ga ko akwai tabon walda.