Tambaya da Amsa: Tun da na sayi motar tsere ake wulaƙanta ni a wurin ajiye motoci

TAMBAYA

Assalamu alaikum Malam. Ina yi maka fatan alheri, Allah ya ƙara basira. Ni injiniya ne, ina aiki a Abuja, kuma tun ina yaro a Zariya babu abin da ke burge ni kamar motocin tsere. Bayan na shafe shekaru ina tara kuɗi daga albashina, bara Allah ya nufa na sayi Ford Mustang ƙirar 2016 wadda aka yi amfani da ita a Amurka, kuma kuɗinta bai kai na manyan jif-jif ɗin da ke yawo a gari kullum ba. Tun daga lokacin ban ƙara samun kwanciyar hankali a wurin ajiye motoci ba. Wata rana na fito daga wani kanti a Wuse na tarar da samari biyu zaune a kan bonet suna ɗaukar hoto, da na yi magana sai ɗayansu ya ce ai mota ce ba gadon sarauta ba, kuma har yau lotsawar tana nan. Wata Juma'a wani ya manna motarsa a jikin tawa har sai da na shiga ta ƙofar fasinja. Mafi ciwo shi ne ranar da aka ja mini makulli a jikin fenti tun daga ƙofa har zuwa bayan motar. Sau biyu ina jin ana cewa "ɗan Yahoo" da ƙarfi don in ji. Saboda haka na fara gicciye motar a gurbin mota biyu don kada kowa ya matso, sai abin ya ƙara lalacewa, har maigadi ya yi mini faɗa a gaban jama'a. Maiɗakina ta ce in sayar da ita mu huta. Shin laifi na yi da na sayi abin da nake so da halalina? Yaya zan yi?

Wani mai karatu daga Abuja

AMSA

Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Ba ka yi laifi ba da ka sayi motar da ranka ke so da kuɗin guminka, kuma ina so ka fara riƙe wannan kafin sauran bayani, domin a cikin amsar akwai inda zan ba ka gaskiya, akwai kuma inda zan ce ka gyara. Lokacin da Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya yi gargaɗi a kan girman kai, wani ya tambaye shi game da mutumin da yake son tufarsa da takalminsa su yi kyau, sai ya amsa cewa Allah Mai kyau ne kuma Yana son kyau, girman kai shi ne ƙin gaskiya da raina mutane. Hadisin yana cikin Sahihu Muslim. Idan aka auna da wannan ma'auni, wanda ya zauna a kan bonet ɗinka, aka yi masa magana ya mayar da baƙar magana, ya fi kusa da girman kai fiye da kai mai motar.

Abin da na fahimta daga wasiƙarka shi ne mutanen nan ba kai suke gani ba, motar suke gani, kuma suna ɗora maka laifin wasu da suka riga ka hawa irinta. Duk wanda ya zauna a Abuja, Kano ko Kaduna ya san yaran da ke wasan mota a kan titi da daddare ko ranar ɗaurin aure, suna juya mota a wuri ɗaya har taya ta yi hayaƙi, suna hana maƙwabta barci, wani lokaci har a rasa rai. Ya kuma san yadda labarin masu damfara ta intanet ya cika gari, har ya zama duk saurayin da aka gani da mota mai ƙofa biyu ana yi masa kallon wanda EFCC ke nema. Wannan mummunan zato ba ƙaramin abu ba ne a ƙasar nan, domin yana cikin koke-koken da suka haifar da zanga-zangar EndSARS a watan Oktoba na 2020, lokacin da matasa suka yi ta kukan cewa ana tare su a hanya saboda kawai motarsu ko wayarsu ta yi kyau. Ga kuma ƙuncin rayuwa: tun daga ranar 29 ga Mayu 2023 da aka sanar da cire tallafin man fetur, magidanta da yawa sun jingine motocinsu sun koma hawa motar haya, kuma mutumin da ke lissafin kuɗin litar mai kafin ya kai 'ya'yansa makaranta ba lallai ne ya kalli mota mai shan mai da idon rahama ba. Na kawo waɗannan ne don ka san inda abin ya samo asali, ka daina ɗaukar kowace harara a matsayin ƙiyayya gare ka. Amma sanin dalili ba ya mayar da zalunci ya zama daidai. Alƙur'ani a Suratul Hujurat, aya ta 12, ya umarce mu da mu nisanci yawan zato domin wani zaton zunubi ne, kuma wanda ya kira baƙon da bai sani ba ɗan damfara a bainar jama'a ya ci mutuncinsa ba tare da hujja ba. Abin mamaki ma shi ne babbar jif da ta ninka motarka kuɗi takan shiga wuri ɗaya a buɗe mata ƙofa ana "ranka ya daɗe", ba wanda ke tambayar mai ita inda ya samo.

Yanzu ya kamata mu rarrabe abubuwan da ka lissafa, domin ba nauyinsu ɗaya ba. Masu ɗaukar hoto galibi sha'awa ce ta kawo su, irin wadda kai ma ka yi a Zariya kana yaro. Kuskurensu shi ne rashin sanin cewa jikin mota ba benci ba ne. Bonet ɗin Mustang irin taka da alminiyom aka yi shi don rage nauyi, kuma alminiyom idan ya lotsa ya fi ƙarfe wahalar bugawa ya koma daidai, shi ya sa ba kowane mai gyaran jikin mota ne ke iya fitar da lotsawar ba tare da ya ɓata wurin ba. Fentin mota kuwa, da shimfiɗar ƙasa da launin da shafen sheƙi na sama, duka kaurinsu bai fi na takardar rubutu da yawa ba, don haka maɓallin ƙarfen da ke bayan wandon jins ya isa ya bar tabo. Idan ka sake tarar da irin waɗannan, shawarata ita ce ka yi musu sallama, ka ce su sauko su tsaya a gefe, har ma ka karɓi wayar ka ɗauke su da kanka. Da wuya wanda ka yi wa haka ya zage ka, kuma yaron da ka buɗe wa ƙofa ya leƙa ciki shi ne gobe zai hana wani taɓa motar.

Wanda ya manna motarsa a jikin taka, mai yiwuwa ne ganganci ne, mai yiwuwa kuma bai san cewa ƙofar mota mai ƙofa biyu ta fi ta sauran motoci tsawo ba, tana buƙatar fili mai yawa kafin ta buɗu har mutum ya shiga. A harabar masallacin Juma'a, inda kowa ke sauri kada ya rasa raka'a, ni zan fi karkata ga kyautata masa zato.

Jan makulli kuwa ɓarna ce da gangan, kuma doka ta san da ita. A dokar hukunta laifuka ta Final Kod (Penal Code) da ake aiki da ita a Abuja, sashe na 326 ya bayyana laifin lalata dukiyar wani da gangan, sashe na 327 kuma ya tanadi ɗaurin da zai iya kai shekara 2, ko tara, ko duka biyun. A shari'ar Musulunci ma wanda ya lalata dukiyar wani shi ke da alhakin biya. Matsalar ita ce hujja. Idan abin ya sake faruwa, kada ka motsa motar sai ka ɗauki hoton tabon da na wurin, ka nemi shugaban masu gadi nan take ka roƙi a duba kyamarar tsaro, domin yawancin na'urorin suna goge tsohon hoto su ɗora sabo bayan wasu kwanaki, sannan ka kai rahoto ofishin 'yan sanda mafi kusa. Ka kuma duba irin inshorar da kake da ita. Ƙaramar inshorar da doka ta wajabta, wadda hukumar kula da inshora ta ƙasa, NAICOM, ta ɗaga kuɗinta daga naira 5,000 zuwa naira 15,000 a farkon 2023, ɓarnar da ka yi wa wani kawai take biya, ba ta biyan ko sisi a kan motarka. Wadda ke ɗaukar irin wannan asara ita ce cikakkiyar inshora, kuma idan zuciyarka ba ta natsu da ta gargajiya ba akwai kamfanonin takaful, wato inshorar Musulunci, masu lasisi a ƙasar nan. Kafin ka sa hannu, ka tambaya a rubuce ko yarjejeniyar ta haɗa da ɓarnar ganganci, da kuma nawa ne kason da kai za ka fara biya daga aljihunka. Ƙaramar kyamarar da ake maƙalawa a gilashin gaba, irin wadda ke ci gaba da ɗauka ko mota tana kashe, ita ma za ta taimaka ƙwarai.

Inda ba zan ba ka gaskiya ba shi ne gicciye mota a gurbin mota biyu. A nan maigadi ya fi ka gaskiya, ko da bai iya magana ba. Gurbin da ka cinye haƙƙin wani ne, wataƙila tsoho ne ko mace mai goyo da za ta zagaya ta yi fakin a nesa cikin rana, kuma duk wanda ya ga motar a gicciye abin da zai karanta shi ne mai ita yana ganin dukiyarsa ta fi ta kowa daraja. Da hannunka ka tabbatar musu da zaton da kake kuka a kansa. Idan kana tsoron a buga maka ƙofa, ka nemi gurbin ƙarshen layi inda gefe ɗaya kawai ke da maƙwabci, ko ka tafi can ƙurya inda motoci ba su da yawa ka tako da ƙafa, wahalar ta zama taka ce kai da ka zaɓi motar. Ka koma wurin maigadin nan ka ba shi haƙuri, ka san sunansa, ka riƙa gaishe shi kafin ka wuce. Mutumin da ke tsaye a wurin tun safe har dare ya fi kowace kyamara sanin wanda ya raɓi motarka.

Haka nan ka binciki kanka a kan ƙara. Ba ka faɗi ko taka mai injin silinda 8 ba ce, ko mai 6, ko mai 4, amma ta farkon tana da ruri musamman idan aka tayar da ita da sanyin safiya, har kamfanin Ford da kansa ya fito da tsarin tayar da ita a hankali a ƙirar 2018 saboda damuwar maƙwabta. Idan wanda ya ƙera motar ya yarda cewa ƙararta na iya zama cutarwa, bai dace mai ita ya riƙa taka totur a harabar asibiti, masallaci ko kasuwa ba. Idan an sauya mata salansa don ta ƙara ruri, ka mayar mata da nata na asali.

Game da maganar maiɗakinka, kada ka ɗauke ta da wasa, domin mai yiwuwa tsoronta ya wuce na fenti, tana tunanin idon da motar ke jawo muku ne a lokacin da tsaro ya taɓarɓare. Ku zauna ku yi magana. Ni ban ga dalilin sayar da ita saboda rashin tarbiyyar wasu ba, amma ina ganin hikima a ware mata wuraren da za ta je, kasuwa da taron jama'a kuma a tafi da wata motar idan akwai.

TAMBAYA

Malam, ɗana mai shekara 9 ya shafa wata jar motar tsere da hannu a gaban wani kanti a Kaduna, mai motar ya fito ya daka masa tsawa, ya zage shi har da iyayensa. Yaron bai karce komai ba. Tun ranar raina yake a ɓace. Ya dace in bar maganar?

Wata uwa daga Kaduna

AMSA

Hajiya, Allah ya huci zuciyarki. Mutumin nan ya yi kuskure babba, domin babu fentin da ya kai mutuncin yaro, balle a haɗa da iyayensa, kuma irinsa ne ke jawo wa masu irin wannan mota baƙin jinin da ɗan'uwanmu na sama yake kuka da shi. Da ya ce "yaro, kalla da ido" cikin murmushi, da ya kare motarsa ya kuma koya wa yaron ladabi. Tunda ba ki san shi ba, bin sawunsa ba zai ƙara miki komai ba. Abin da ya fi amfani shi ne ki zaunar da yaron ki nuna masa cewa sha'awar mota ba laifi ba ce kuma zagin da aka yi masa bai cancance shi ba, sannan ki bayyana masa dalilin da ya sa ba a shafa motar mutane: a lokacin hunturu musamman, ƙurar da ke kwance a jikin mota tana ɗauke da ƙananan ƙwayoyin yashi, idan aka goga hannu a kai sai su bar siraran layuka da ke fitowa a rana. Idan ya sake ganin wadda ta burge shi, ya nemi mai ita ya yi sallama ya tambaye shi sunanta da shekarar da aka ƙera ta, domin yawancin masu son motoci suna jin daɗin irin wannan tambaya.